Feshin barkonon da ke ɗamarar jami'an tsaro: me ke ciki, kuma wa ya halatta a fesa wa?

Mai Injin Niƙa

Salamu alaikum ƴan uwa. Tambayata ga masu sani ce, musamman ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa sa kaki. Ɗan gwangwanin nan da wasu jami'an tsaro ke maƙalawa a ɗamara, wanda ake fesa wa mutum a fuska, me ke cikinsa? Barkonon tsohuwa ne da muka sani aka ɗura a ƙaramin mazubi, ko wani abu ne dabam? Sannan mutumin da aka riga aka riƙe hannu biyu, ya halatta a fesa masa?

Ƙanena ne ya sha shi ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Ɗan kabu-kabu ne. Kun san yadda hanya ke cushewa wajen Dole, kasuwar nan ta Damagaram, ranar kasuwa, ga amalanke, ga adaidaita, ga masu awaki, kowa na neman inda zai sa ƙafa. Ya tsaya sauke wata tsohuwa da buhunta a inda aka hana tsayawa, masu kaki suka zo za su zare makullin babur. Ba zan ɓoye ba, yaron yana da baki. Da farko ya yi gardama, ya riƙe kan babur ya ƙi saki, har ya ture hannun ɗaya daga cikinsu. Wannan laifinsa ne, kuma na gaya masa a gaban mahaifiyarmu. Amma ko da na iso, don wani almajiri ne ya rugo ya kira ni daga inji, mutum biyu sun riga sun murɗe masa hannu ta baya, ya daina kokawa, baki kawai ke aiki. Sai na ukun ya matso ya fesa masa, kusa-kusa, tsakaninsu bai kai tsawon hannu ba. Ba zan faɗi ko su waye ba, ba fitina nake nema ba.

Ni niƙa ce sana'ata. Barkono, tattasan Diffa, citta, kanumfari, yajin jego, duk ta injina suke bi. Ranar da muke niƙa busasshen barkono sai mun ɗaure hanci da rawani, maƙwabta su yi ta atishawa suna jan Allah ya isa. Duk da haka ban taɓa ganin barkono ya yi wa ɗan Adam abin da na gani a fuskar yaron nan ba. Idanu suka rufe gam, na sa yatsa in ɗaga fatar ido ta ƙi ɗaguwa. Majina da yawu har ƙirji. Ya durƙusa yana dukan ƙasa da tafin hannu yana cewa, "Yaya na makance, Yaya numfashina." Ga shi yana da fuka tun yana ƙarami, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Da suka ga haka suka sake shi, suka tafi da babur. Nan fa kowa ya zama likita. Wata mai nono ta kwara masa ludayi biyu a fuska, wani ya ce a shafa man goge baki a ƙarƙashin ido, wani ya yanko albasa, mai tuyar ƙosai ta miƙo man gyaɗa aka shafa masa a kumatu. Ni dai piya-wata na saya ina fasa masa, da ta ƙare na tare ɗan ga-ruwa na sayi bido guda. Ya fi rabin awa kafin ya iya buɗe ido. Da dare matarsa ta ɗauki rigar za ta jiƙa, ita ma ta kama atishawa, jaririnsu ya yi ta tari.

To cikin abin da aka yi masa, wanne ne daidai, wanne ya ƙara masa azaba? Har yau idon dama ja ne, yana cewa yana jin tsakuwa a ciki.

Majo

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, idon nan na dama ku kai shi wurin likitan ido gobe da safe. Zafin feshin yakan sauka cikin minti 30 zuwa 45, jan ido yakan kai kwana ɗaya ko biyu. Amma ido guda da ya ci gaba da ja da jin tsakuwa bayan kwanaki, sau da yawa saman ƙwayar idon ne ya ƙuje, ko don ƙarfin feshin da aka yi daga kusa, ko don murzawa. Akwai wani ruwan magani mai launin ɗorawa da ake ɗigawa a haska fitila, nan take a ga ƙujewar. Don Allah kada ku sayi maganin ɗigawa wurin masu yawo da magani a tire. Wasu suna da kortizon, wani maganin rage kumburi, a ciki, in ya haɗu da ido mai rauni yana iya ɓata shi.

Abu biyu ne kuke haɗawa. Wanda ake harbawa cikin taro ya tashi da farin hayaƙi, galibi sinadarin da ake kira CS ne. Hoda ce da aka haɗa a ɗakin gwaji, wasu Amurkawa biyu, Corson da Stoughton, suka fara haɗa ta a 1928, kuma ba ta da alaƙa da barkonon gona. In mutum ya fita ya sami iska, cikin minti 15 zuwa 30 yakan dawo daidai. Ƙaramin gwangwani kuwa yana iya zama CS ɗin ne, yana iya zama wanda aka rubuta OC a jikinsa. Shi OC man barkono ne na gaske, an tatso shi daga irin wanda kake niƙawa, an tace shi, an gauraya da ruwa ko alkol, an ɗura da iska mai matsi. Yadda ka ce ido ya rufe gam kuma abin ya daɗe, ya fi kama da shi. Ka tambayi matarsa ko rigar ta yi tabo ja-ja mai maiƙo.

Abin da ke sa barkono zafi sunansa kafsaisin. A jijiyoyin fata da ido da maƙogwaro akwai wata ƴar ƙofa da aikinta shi ne ta sanar da ƙwaƙwalwa in zafi ya wuce wajen digiri 43. Kafsaisin yana buɗe wannan ƙofa ba tare da wuta ba, sai jiki ya ɗauka ƙonewa yake yi: ido ya rufe da kansa, hawaye da majina su ɓalle, hanyar numfashi ta tsuke. Wanda ya gano ƙofar a 1997, David Julius, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 2021. Kai da ke niƙa ga lissafi: a ma'aunin zafin barkono da ake kira Scoville, attaruhu yana tsakanin 100,000 da 350,000, tsantsar kafsaisin miliyan 16, man da ake ɗurawa a gwangwanin nan kuwa sau da yawa miliyan 2 ake rubutawa a jiki.

Cikin duk masu taimakon nan, kai da bidonka ne kuka yi daidai. A fitar da mutum inda iska ke kaɗawa, a zaunar da shi, a hana shi murza ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta daga gefen hanci zuwa waje kamar minti 15 zuwa 20, yana ƙifta ido. Fata a wanke da sabulu, don abin maiƙo ne, ruwa kaɗai ba ya ɗauke shi. Riga a cire ta a hankali kada ta goge fuska. Man gyaɗa ya riƙe zafin ne a kan fata. Man goge baki da albasa ƙarin wuta ne. Nono na san mutane sun yarda da shi ƙwarai, kuma sanyinsa yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma a 2008 an gwada a Amurka a fatar masu sa kai, aka kwatanta madara, ruwa, shamfun jarirai da wasu magunguna, ba a ga wanda ya fi wani ba. Nonon ƙwarya da ya wuni a rana ba abin zubawa cikin ido ba ne.

Na san cewa "a yi ta kwarara ruwa" magana ce mai sauƙi a baki, a garin da mata ke kwana a layin famfo in zafi ya zo. Shi ya sa nake ganin duk motar da ke ɗauke da masu wannan feshi ya kamata ta ɗauki bidon ruwa.

Tsohon Mai Kaki

Malam mai inji, sannu da haƙuri. Na yi aikin nan har na aje, bari in faɗi nawa.

Masu zaginmu su fara tambayar kansu, tsakanin magana da harsashi me suke so jami'i ya riƙe? Kulki yana karya hannu, yana fasa kai. Ka shiga lungu da dare ka haɗu da yaron da ya sha tramol, da wuƙa a hannu, magana ba ta shiga kunnensa. In ba ka da abin da zai tsayar da shi daga taku uku, ko ka bari ya soke ka, ko ka ɗaga bindiga. Na ga yaran da yau suna da mata da ƴaƴa saboda wanda ya tare su gwangwani ya zaro, ba wani abu ba. Ko da yake shi ma ba kullum yake ci ba. Wanda ya bugu sosai yana iya shan feshin ya ci gaba da tahowa.

Lokacin da aka tura mu aiki wata ƙasa, kafin a ba mu shi sai da aka jera mu aka fesa wa kowa. Ni da nake ganin kaina namiji, na yi kuka da majina gaban yaran da na girma. Mai koyarwar ya ce wanda bai ɗanɗana ba, hannunsa yakan yi saurin zuwa ɗamara. Abin da aka koya mana ba shi da yawa. Ka yi kashedi da murya. Kada ka fesa ƙasa da tazarar mita guda, don ƙarfin ruwan kaɗai yana raunata ido. Dannawa ɗaya gajera, ka kauce gefe. Ka duba inda iska ke tafiya, in ba haka ba kai da abokin aikinka za ku sha, musamman cikin hunturu. Kada ka fesa cikin mota ko ɗaki a rufe. Kuma daga lokacin da ka fesa, mutumin ya zama amana a hannunka: ka zaunar da shi, kada ka kifa shi a kan ciki da hannu a baya, kada ka hau bayansa, ka nemo ruwa, ka tambaye shi ko yana da ciwon ƙirji. Yawancin mace-macen da aka ji a ƙasashen waje bayan feshin nan, in ka bi labarin za ka tarar da kifawa, ko ƙwaya, ko fuka.

Game da ƙanenka, ban ga abin da idona ba. In yadda ka faɗa ne, mutum biyu sun riƙe shi kuma ya daina kokawa, to wanda ya fesa fushi ya huce, ba aiki ya yi ba. Zagi ba makami ba ne. Sai dai ku ma ku sani, in taro ya fara kewaye jami'ai uku a bakin kasuwa ana ihu, tsoro yana kama mai kaki kamar kowa, kuma yaro sabon shiga in tsoro ya kama shi abin da ke kusa da hannunsa yake ɗauka. Ka ja wa ƙanenka kunne. A ba su makulli, a bi su a karɓo da takarda.

Kabu-kabu 07

Baba, "a bi su a karɓo da takarda" ɗin nan wuni guda ne ba aiki, ga mai moto yana jiran kuɗinsa da yamma, ga tara. Shi ya sa kake ganin muna riƙe kan moto kamar rai. Ba taurin kai ba ne kawai. Mu dai abin da muka saba, in an harba na hayaƙi, mu jiƙa ƙyalle mu rufe hanci mu bi inda iska ke fitowa. Wannan na fuska kuwa ba ya ba ka lokacin jiƙa komai. Majo, gilashin hular kwano yana tarewa?

Majo

Yana tare mafi yawa in a sauke yake. Amma in ya riga ya shiga ciki, cire hular da sauri, don tana riƙe shi a fuska.

Ɗalibar Shari'a

Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da aka koya muku kusan shi ne abin da ke rubuce, sai dai ina so Malam ya san cewa ba alfarma ba ce jami'i ke yi in ya bi shi.

A 1990, a birnin Habana na Kyuba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Gundarinsu shi ne a fara gwada hanyar da ba ta ƙarfi ba, in ƙarfi ya zama dole a yi shi gwargwadon barazanar, kuma a nema wa wanda ya ji rauni magani da gaggawa. A 2020 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar da jagora a kan makaman da ba a yi su don kisa ba, feshin barkono na ciki. Ta ce ba a fesa wa wanda kawai ya ƙi motsi ba tare da ya kai hannu ba, ba a ci gaba da fesa wa wanda aka riga aka shawo kansa, kuma ba a amfani da shi a rufaffen wuri da ba iska. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ita ma ta fitar da nata jagoran kan kula da taruka a 2017.

Misalin da aka fi sani ya faru ne ranar 18 ga Nuwamba 2011 a jami'ar Kalifoniya da ke Davis. Ɗalibai na zaune a ƙasa sun sarƙe hannu, wani jami'i ya bi layinsu yana fesa musu a fuska, a natse, ana ɗaukarsa da salula. Ya rasa aikinsa, jami'ar ta biya diyyar kusan dala miliyan 1. Ba wanda ya mutu a ranar, amma hakan bai wanke shi ba.

Inda nake ɗan saɓa wa Baba shi ne batun "tsakanin magana da harsashi". Gaskiya ne an kawo abin ne don ya maye gurbin bindiga da kulki. Amma da yake ba ya barin jini, ba ya karya ƙashi, bayan awa guda ba shaida, sai ya koma maye gurbin magana. Ba wanda zai harbi ɗan kabu-kabu don ya tsaya inda aka hana, ko a da ma lallashi ko tsawa ake yi masa. Ƙanen Malam ba daga harsashi aka cece shi ba.

Na hayaƙin kuwa, haɗarinsa ya fi yawa a gwangwanin da kuma turmutsutsu. Mu a Damagaram ba mu manta Disambar 2011 ba, lokacin da aka ruwaito gwangwanin barkonon tsohuwa ya sami wani ɗalibi a ka, ya rasu. Ranar 9 ga Mayu 2001 a filin ƙwallon Akra, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, an harba shi cikin ƴan kallo, ƙofofi a rufe, sama da mutum 120 suka mutu. A Oktoban 2022 irin haka ta kashe mutum 135 a Indonesiya. Wani abin mamaki, yarjejeniyar hana makamai masu guba da aka sa wa hannu a Paris a 1993, wadda Nijar ke ciki, ta haramta amfani da waɗannan sinadarai a fagen yaƙi, amma ta bar su don aikin tsaro na cikin gida.

Malam, in kuna son bin kadin abin, takardar likita mai kwanan wata ita ce farko, sai hoton idon da sunayen waɗanda suka gani. Da su ake rubuta ƙara zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Tsohon Mai Kaki

Ƴata, karatunki ya yi kyau, kuma maganar maye gurbin magana na karɓa, na gani da idona. Amma takardun Habana ba sa hawa mota su je sintiri. Abin da ke gyara yaro shi ne shugabansa ya sa a riƙa auna gwangwani, duk wanda nasa ya ragu ya rubuta wa ya fesa wa, a ina, don me. Malam, ni shawarata kafin kotu, ka ɗauki mai unguwa ko wani dattijo ku je wurin babbansu da takardar likitan. Ku je da ladabi, ku fara da amsa laifin ture hannu. Sau da yawa a nan ake gamawa, a ja wa yaron kunne, babur ma ya fito.

Mai Injin Niƙa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Majo, na tambaya, rigar ta yi tabo ja mai maiƙo a wuya, har yanzu bai fita ba. Mun je wurin likitan ido, ya ce ƙujewa ce ƙarama, ya rubuta magani ya hana shi hawa babur cikin ƙura sai ya warke. Na karɓi takarda. Batun ƙara kuwa mahaifiyarmu ta ce a bar wa Allah, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba, don haka zan fara bin shawarar Baba in ga abin da za a ce mana. Saura abu ɗaya: tun ranar yana tashi da tari cikin dare, ƙirjin yana ƙugi. Na feshin ne ko fukarsa ce ta dawo?

Majo

Feshin ne ya tayar da fukar, hakan na faruwa, kuma yana iya ɗaukar kwanaki. Kada ku tsaya a kan likitan ido kaɗai, ku kai shi a saurari ƙirjin, ku faɗa musu ranar da aka fesa masa da cewa yana da fuka tun yarinta. In yana da abin shaƙa na Ventoline ya riƙa yawo da shi a aljihu, ya kwana da shi kusa. In ya kasa ƙarasa magana saboda numfashi, ko leɓe ya sauya launi, ko ya shaƙa bai ji sauƙi ba, wannan ba na jiran safiya ba ne, ku tafi asibiti ko da tsakar dare. Rigar a wanke ta ita kaɗai da omo da ruwan sanyi, a shanya nesa da kayan jariri. Kuma kwanakin nan kada ya zo ya zauna maka a inji ranar niƙan barkono.